Jirginsa aka raba biyu, to me ya sa ake kiran Kennedy jarumi?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Na ji an ce John Kennedy, wanda ya zama shugaban Amurka, ya samu lambar yabo a Yaƙin Duniya na Biyu, alhali jirgin Japanawa ne ya banke nasa ya raba shi biyu, shi kuwa ko harsashi ɗaya bai harba ba. Ina jarumtar take? Kuma da me ake auna hafsan da ke jagorantar irin waɗannan ƙananan jiragen yaƙi?"

Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Tun a wancan lokacin akwai sojojin ruwa da suke ganin bai kamata a ce jirgi mai gudu kamar wannan ya tsaya har babban jirgi ya hau kansa ba. Ni kaina na yi shekaru a ƙananan jiragen sintiri, kuma da farko haka nake gani. Amma kafin mu yanke hukunci, bari in fara sa ka cikin jirgin, domin wanda bai san yadda yake ba zai yi ta auna shi da ma'aunin manyan jirage.

Jirgin da Kennedy ke jagoranta, PT-109, tsawonsa ƙafa 80 ne, wato kamar mita 24. Na katako ne, babu sulke ko kaɗan a jikinsa. Injuna uku na kamfanin Packard ne ke tura shi, kuma man da suke sha fetur ne irin na jirgin sama, galan 3,000 a cikin tankuna ƙarƙashin ƙafafun mutanen. Ka ga ke nan mutum goma sha wani abu ne zaune a kan tulin fetur, katako kawai ya raba su da teku. Makaminsa babba shi ne topido guda huɗu, wato nakiyar nan mai injin da ake saki ta bi ta ƙarƙashin ruwa ta daki cikin jirgin abokan gaba. Topidon da aka ba su a lokacin tsohon yayi ne, samfurin zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ga rashin sauri, ga yawan ƙin tashi ko da ya samu abin hari. Gudu da duhu su ne kariyar jirgin, ba shi da wata.

A babban jirgin yaƙi, kwamanda yana can sama a ɗakin tuƙi, mutum ɗaruruwa a ƙasa, wasu ma sai su yi wata ba su gan shi ido da ido ba. Umarninsa ta waya da bakin wasu hafsoshi yake isa. A ƙaramin jirgi babu wannan. Ruwan da ya dake su shi ya dake ka, abin da suka ci shi ka ci, in ka yi amai saboda igiyar ruwa a gabansu za ka yi. Abin da na koya da jikina shi ne cikin duhu ba fuskarka suke kallo ba, don ba sa ganinta. Muryarka suke saurare. In ka ce "juya dama" da murya mai rawa, kafin ka rufe baki tsoron ya kai har wurin mai kula da injin. Babu inda hafsa zai ɓoye halinsa a jirgi mai mutum 13.

To, daren 1 ga Agusta 1943 zuwa wayewar 2 ga wata, jiragen PT goma sha biyar suka tashi daga sansaninsu na Rendova a tsibiran Solomon, suka nufi mashigin ruwan Blackett kusa da tsibirin Kolombangara, don su tare jiragen Japan huɗu da ke kawo sojoji da kaya da dare. Babu wata, duhu ya yi duhu. Jirage kaɗan ne a cikinsu ke da na'urar rada mai hango abu daga nesa, kuma waɗannan ɗin da suka harba topidonsu sai aka umarce su su koma gida, suka bar sauran kamar makafi. An saki topido wajen 30 a daren, ko ɗaya bai samu komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa matsalar daren ta wuce ta hafsa ɗaya. Tsarin ne gaba ɗaya ya warware.

Kennedy, mai shekara 26 a lokacin, yana cikin waɗanda aka bari. Yana tafiya a hankali da inji ɗaya, sauran biyun ba a sa musu giya ba. A nan masu suka suke kafa hujja. Amma akwai dalili. Ruwan wannan yanki yana walƙiya da dare in an motsa shi, saboda wasu ƙananan halittu da ke cikinsa, har jirgi mai gudu ya bar farin layi mai haske a bayansa, jiragen saman Japan kuma wannan layin suke bi su saki bam. Tafiya da inji ɗaya tana rage hasken da ƙarar. Illarta kuwa ita ce in abu ya taso ba za ka iya zabura nan take ba, domin kwamanda ba shi ke sa giya da hannunsa ba. Alama yake aika wa mai injin a ƙasa, shi kuma ya ja sandar.

Wajen ƙarfe biyu na dare wani baƙin abu ya fito daga duhu. Jirgin yaƙin Japan ne mai suna Amagiri, yana komawa da gudu bayan an sauke kaya. Tsakanin ganinsa da karon bai wuce daƙiƙa goma ba. Kennedy ya murɗa sitiyari don ya daidaita topido, amma inji ɗaya bai iya juya jirgin cikin lokaci ba. Amagiri ya tsaga shi ya wuce. Mutum biyu, Andrew Kirksey da Harold Marney, suka mutu nan take. Fetur ya malale a kan ruwa ya kama da wuta.

In ka ce mini akwai kuskure a nan, ba zan yi musu ba. Hafsa mai gogewa fiye da shi wataƙila da ya bar injuna ukun a shirye. Kwamanda ne ke ɗaukar alhakin jirginsa ko da laifin na wasu ne, haka aikin yake. Sai dai ka lura da wace lambar yabo aka ba shi. Ba ta cin nasara a fagen fama ba ce. Wadda aka ba shi ita ce wadda rundunar ruwan Amurka ke bai wa mutumin da ya sa ransa cikin haɗari don ya ceci wasu. Saboda haka ba a kan karon aka yaba masa ba, a kan kwana shida da suka biyo baya ne. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Ga abin da ya faru. Gaban jirgin bai nutse nan take ba, sai waɗanda suka tsira suka maƙale a jikinsa. Wasu kuwa ruwa ya watsar da su cikin duhu. Kennedy da hafsoshinsa biyu, Leonard Thom da George Ross, suka yi ta iyo suna kiran suna, suna jawo su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi jin jiki shi ne Patrick McMahon, mai kula da injin, dattijon jirgin mai shekara 37, wanda wuta ta ƙone masa fuska da hannuwa da ƙirji. Kennedy da kansa ya jawo shi. Da gari ya waye suka ƙirga kansu, mutum 11 ne. Babu jirgin ceto. A sansani an ga wutar daga nesa an ɗauka duk sun halaka, har aka yi musu addu'ar mamata.

Abin da ya yi a nan ina son ka kula da shi sosai, don a wurina ya fi iyon da ake ta ambato. Ya tara su a kan ɓarin jirgin ya tambaye su: in Japanawa suka zo, a yi faɗa ko a miƙa wuya? Ya ce musu littafin aiki bai faɗi komai a kan irin wannan hali ba, kuma da yawansu suna da iyali da 'ya'ya, shi kuwa ba shi da, don haka su faɗi ra'ayinsu. Wani zai ce wannan rauni ne, hafsa umarni yake bayarwa. Ni ban ga rauni ba. Jirgin da ke ba shi iko ya nutse, tufafin da ke nuna muƙaminsa sun jiƙe sun yage, ba shi da abin tilasta kowa. Abin da ya rage masa shi ne yardarsu, kuma ya san sai ya neme ta sabuwa. Da suka mayar masa da shawarar, sai ya yanke ta, suka bi.

Ya zaɓi wani ɗan tsibiri mai nisan mil uku da rabi, domin manyan da ke kusa duk akwai Japanawa a kansu. Sauran mutanen suka riƙe wani gungumen katako da aka ɗaure wata igwa da shi a kan jirgin, suka ɗora takalmansu da fitila a kai, suna turawa da ƙafa, waɗanda ba su iya iyo ba a tsakiya. McMahon kuwa ba ya iya riƙe komai da ƙonannun hannuwa. Kennedy ya kwantar da shi rigingine, ya kama igiyar rigar cetonsa da haƙora, ya ja shi yana iyo har wajen awa huɗu. Ka tuna mutumin nan dama yana fama da ciwon baya tun kafin ya shiga soja, kuma karon ya sake buga shi da jikin jirgin. Ya taɓa zama ɗan wasan iyo a jami'ar Harvard, wannan ya taimake shi, amma jan mutum da haƙora cikin ruwan gishiri, kana haɗiyarsa da kowane numfashi, ba abin da ake koya a kududdufin makaranta ba ne.

Tsibirin da suka isa babu ruwan sha, babu abinci. A daren, maimakon ya huta, sai ya ɗauki fitila da ƙaramar bindiga ya sake faɗawa teku shi kaɗai, ya nufi mashigin Ferguson inda jiragen PT suka saba wucewa, ko zai tsayar da ɗaya. Ba su zo ta nan ba a daren. Ruwa ya ja shi ya yi ta yawo da shi, sai da safe ya dawo a galabaice. A nan ina da ja. Jarumta ce, babu shakka, amma da ya nutse, da ya bar mutum goma ba tare da gwanin iyonsu ba, ga mai ƙuna a hannunsu. Abin da ya sa nake masa uzuri shi ne akwai Thom, mutum mai natsuwa wanda ya riƙe sauran, kuma zaman jira kawai ma hanyar mutuwa ce, don McMahon ba zai daɗe ba. Duk da haka, da ni ke horar da matashin hafsa, zan nuna masa wannan daren a matsayin abin da za a yi muhawara a kai kafin a kwaikwaya.

Ranar 4 ga wata suka koma tsibirin Olasana mai itatuwan kwakwa, Kennedy ya sake jan McMahon da haƙora. Washegari shi da Ross suka ƙetara wani tsibirin, Naru, suka tsinci akwatin biskit da alawa na Japanawa, da ruwan sha, da ƙaramin kwale-kwale.

Kuma a nan ne labarin ya daina zama na Bature shi kaɗai, abin da masu ba da shi kan gajarta. Waɗanda suka cece su 'yan ƙasar ne, samari biyu masu kwale-kwale, Biuku Gasa da Eroni Kumana, 'yan leƙen asirin wani ɗan Ostireliya mai suna Arthur Evans da ke ɓoye a Kolombangara yana lura da zirga-zirgar Japanawa. Su suka gano mutanen. Gasa ne ya nuna wa Kennedy cewa ana iya rubutu a jikin ɗanyen kwakwa, sai ya sa wuƙa ya sassaƙa gajeren saƙo: mutum 11 na raye, ana buƙatar ƙaramin jirgi, ɗan ƙasar ya san wurin kuma zai iya jagora. Thom ma ya rubuta takarda da fensir. Samarin suka ɗauki saƙon suka yi ta tuƙi da filafili, tafiya mai nisa ta cikin ruwan da Japanawa ke sintiri, ba su da sulke, ba su da inji, kuma da an kama su da wannan kwakwar sun san abin da zai same su. Duk wanda ya taɓa zama da masunta na tafkin Chadi ko Sarkawan Yawuri ya san irin wannan sanin ruwa, wanda babu taswirar da ke ɗauke da shi. Ranar 8 ga Agusta jirgin PT-157 ya kwashe mutum 11 ɗin da ransu. Kwakwar ta kasance a kan teburin Kennedy a fadar shugaban Amurka. Gasa ya rasu a 2005, Kumana a 2014.

Yanzu sai ɓangare na biyu na tambayarka, da me ake auna irin waɗannan hafsoshi. Ba na so ka ɗauka cewa kai hari ba ya cikin lissafi. Yana ciki. Da asubar 10 ga Yuni 1918, wani hafsan Italiya, Luigi Rizzo, yana komawa gida da ƙananan jirage biyu kusa da tsibirin Premuda sai ya hango hayaƙi. Ya juya, ya kutsa tsakanin jiragen rakiya a hankali don kada kumfar bayansa ta tona shi, ya saki topido biyu a jikin Szent István, ƙaton jirgin yaƙin daular Ostiriya da Hangari mai nauyin tan wajen 20,000, ya nutsar da shi. Harin da rundunar ta fito kaiwa gaba ɗaya aka fasa, kuma har yau 10 ga Yuni ita ce ranar sojojin ruwan Italiya. Abin da ya ba shi nasara haƙuri ne, ya danne zuciyarsa ya ƙi buɗe inji har ya matso kusa. Yaƙi ɗan zamba ne, a ruwa ma haka. Haka hafsan Amurka John Bulkeley, wanda a Maris 1942 ya fitar da Janar MacArthur na Amurka da iyalinsa daga Corregidor a Filifin da jiragen PT huɗu da suka gaji, ya ratsa ruwan da Japan ta mamaye ya kai su Mindanao.

Amma mutumin da na fi so matasan hafsoshi su sani shi ne Robert Hichens na Ingila. Lauya ne daga yankin Cornwall, ba sojan asali ba, yaƙi ne ya kawo shi, ya zama jagoran ƙananan jirage masu bindiga da ke fafatawa da na Jamus a tekun da ke tsakanin Ingila da Holan. An san shi da dabarar kashe injuna a tsakiyar teku cikin dare, a yi tsit ana saurare har a ji ƙarar na abokan gaba, sannan a faɗa musu daga kusa. Ya samu manyan lambobin yabo har biyar. A farkon 1943 ɗaya daga cikin jiragensa ya kama da wuta a gaban abokan gaba, wutar ta haske wurin kamar rana, sai ya koma cikin hasken ya tsaya yana kwasar mutanensa ana ruwan harsashi. Aka rubuta sunansa don a ba shi lambar yabo mafi girma ta ƙasarsa. Da ya ji, sai ya roƙi a janye, yana cewa ya jefa jirage biyu da mutanensu cikin haɗari don ya ceci abokansa. Ka ga mutum yana auna kansa da ma'aunin da ya fi na shugabanninsa tsanani. An kashe shi a daren 12 zuwa 13 ga Afrilu 1943, harsashi ya same shi yana tsaye a wurin tuƙi.

Kuma damuwarsa ba ta banza ba ce. A harin da Ingila ta kai tashar jiragen ruwa ta Saint-Nazaire a Faransa ranar 28 ga Maris 1942, inda mutum 169 cikin 611 suka mutu, akwai wani matashin hafsa, Michael Wynn, mai jagorantar jirgin topido mai lamba 74. Ya gama aikinsa, ya kwashi mutane da yawa, yana fita da cikakken gudu, gudun da ya sa igwoyin Jamus na bakin gaɓa suka kasa samunsa. Sai ya hango mutum biyu a kan abin ceto. Ya tsaya. Tsayawar nan ta ba masu igwa abin da suke jira, suka ragargaza jirgin, yawancin waɗanda ke ciki suka mutu. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ba zan iya ce maka ya yi laifi ba, ba kuma zan iya ce maka ya yi daidai ba. Da ya wuce su, da mutanensa sun ga cewa kwamandansu yana iya barin ɗan'uwa a ruwa, gobe kuma su ne a ruwan. Da ya tsaya, ga abin da ya faru. Duk wanda ya karɓi jagorancin ƙaramin jirgi ya san wata rana irin wannan zaɓi zai iya zuwa masa, cikin daƙiƙoƙi kaɗan, babu wanda zai tambaya, kuma zai rayu da sakamakon in ya rayu.

Saboda haka in aka kawo mini hafsa aka ce in auna shi, abin da nake fara tambaya shi ne: mutanen da suka ga mafi munin darensa, za su sake shiga jirgi da shi? Su ne shaidun da ba a iya ruɗa, don sun ji muryarsa lokacin da komai ya lalace. A batun Kennedy muna da amsa. Bayan ceton yana da damar komawa gida saboda raunin da ya ji, amma ya nemi a ba shi wani jirgin. Aka ba shi PT-59, wanda aka cire wa topido aka cika da bindigogi, kuma wasu daga cikin tsofaffin mutanensa na PT-109 suka bi shi can. A farkon Nuwamba 1943 aka kira shi da gaggawa ya je tsibirin Choiseul, inda Japanawa suka ritsa da wasu sojojin Amurka a bakin kogi. Tankinsa bai cika ba, ya san man zai kai shi amma da wuya ya dawo da shi. Ya tafi. Ya kwashe sojojin daga wani jirgin sauke sojoji da ke nutsewa, ya kwantar da wanda ya fi jin rauni a kan gadonsa na cikin jirgin, a nan sojan ya cika. A hanyar dawowa man ya ƙare, sai wani jirgin PT ne ya ɗaura musu igiya ya ja su zuwa sansani.